DARASI: YADDA AKE TALLAFA WA ƊAN TALAKA DA KARATU YA BARI A BAYA

Ya ƴan'uwa, darasinmu na wannan karo ya shafi yaron da yake zuwa lakwal kullum, sunansa yana cikin littafin kira, amma shekara uku ko huɗu sun wuce bai iya karanta layi guda ba. Za mu ɗauki misali daga ƙasar Indiya, domin can ne aka jarraba maganin wannan matsala, aka auna, aka gane abin da ya yi amfani da abin da bai yi ba.

Na farko: Asalin tazara

Ka sani, ya ɗan'uwa, malamin lakwal yana bin tsarin karatun shekara, kuma dole ne ya kai ƙarshensa kafin hutu. Yaron da bai riƙe baƙaƙe a ajin farko ba, idan ya shiga aji na biyu sai ya tarar an wuce wurin. Ɗan mai hali ana ɗaukar masa malami ya zo gida da maraice, ko yayansa ya zaunar da shi. Ɗan talaka kuwa daga lakwal sai talla, ko gona, ko kiwo, kuma sau da yawa babu mai karatun boko a gidansu. Kowace shekara tazarar tana ƙaruwa, har a ce masa daƙiƙi, alhali kuwa matakala guda ce ya rasa tun daga ƙasa.

Na biyu: Aikin ƙungiyar Pratham

A shekarar 1995 aka kafa ƙungiyar Pratham a birnin Mumbai, ƙarƙashin jagorancin Madhav Chavan da Farida Lambay. Ƙungiya ce wadda ba ta neman riba. Cikin ayyukanta na farko akwai shirin Balsakhi, ma'anarsa ƙawar yaro. Sai a zaɓi budurwa ƴar unguwa wadda ta gama sakandare, a horar da ita mako 2, a ba ta yara 15 zuwa 20 daga aji uku da aji huɗu, waɗanda aka bari a baya. Awa 2 take yi da su kowace rana, tana koya musu baƙaƙe da ƙirga da tarawa, wato abin da ya kamata su iya tun a aji ɗaya da biyu.

Daga 2001 masana tattalin arziki, cikinsu akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, suka auna shirin a biranen Vadodara da Mumbai. Ƙuri'a aka yi wajen raba masu taimakon, domin a kwatanta azuzuwan da suka samu da waɗanda ba su samu ba. Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna yara sun ƙaru, kuma mafi rauni ne suka fi ƙaruwa, da kuɗin da bai kai dalar Amurka 3 ba ga kowane yaro a shekara. Waɗannan masana biyu suna cikin ukun da suka sami kyautar Nobel a 2019.

Na uku: Yadda hanyar take

Daga nan ƙungiyar ta gyara hanyarta zuwa abin da ake kira koyarwa daidai da matakin yaro. Ana fara gwada kowane yaro shi kaɗai, da baki, cikin ƴan mintoci. Matakai 5 ne: wanda bai san komi ba, mai gane baƙi, mai karanta kalma, mai karanta ɗan guntun rubutu, da mai karanta labari. Sai a tara yaran bisa matakinsu, ba bisa shekarunsu ko ajinsu ba. Bayan ƴan kwanaki a sake gwaji, wanda ya ci a matsar da shi gaba.

Na huɗu: Abin da bai yi amfani ba

Nan ne ya kamata mai son aikin sa-kai ya natsu. A gundumar Jaunpur matasa sun buɗe darussan karatu bayan an tashi daga lakwal. Yaran da suka halarta sun amfana ƙwarai, amma kaɗan ne suka halarta. A jihar Bihar an raba littattafai kawai babu mai bin sawu, bai canza komi ba. Haka kuma binciken Balsakhi ya nuna cewa bayan shekara guda da barin shirin, kaso mai yawa na ribar ya ragu. Amma a jihar Uttar Pradesh, cikin 2013 da 2014, da aka ware kwana 50 na zaman karatu mai ƙarfi tare da masu kula, adadin yaran da suke iya karanta guntun rubutu ko labari ya kusan ninka na makarantun da ba a yi shirin ba.

Na biyar: Rabonmu a cikin darasin

Gwajin PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara 10 masu gama firamare, ko guda bai cika ba wanda ya kai matakin da ake so a karatu. An sami ci gaba a gwajin 2019, amma har a lokacin mafi yawa ba su kai ba. Tun 2004 aka fara a jihar Tawa, da taimakon hukumar JICA ta Japan, shirin shigar da iyaye cikin tafiyar da makarantu, kuma daga baya kwamitocin makarantu suka riƙa shirya darussan ƙari da ƴan sa-kai na gari.

Saboda haka, wanda ya yi niyyar wannan aiki a unguwarsa ya riƙe abu huɗu: ya gwada yaro kafin ya koya masa, ya fara daga inda yaron ya tsaya, ya shawo kan iyaye su ɗage masa talla a wannan lokacin, ya rubuta sunan wanda bai zo ba, ya bi shi har gida. Mai takardar BEPC da yake zaune ya isa ya koya wa yara goma baƙaƙe, in an nuna masa hanya kuma ana leƙa shi.

Allah Ya sa mu dace, Ya shirya mana zuriya.