Zazzaɓin da ya ƙi sauka, sai ga shanyewar ɓarin jiki

Mutane sun ɗauka shanyewar ɓarin jiki ciwon dattawa ne masu hawan jini. Amma a aikina na likita a nan Jos nakan ga matashi ɗan shekara 20 da ɗoriya an kawo shi baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa. In na bi ba'asi, sai a ce ya yi makonni yana zazzaɓi da zufar dare, an yi maganin maleriya, an yi na taifod, shiru.

Sau da yawa tushen abin a zuciya yake. Ciwon maƙogwaron da yaro ya yi tun yana firamare, irin wanda sanyin Jos kan yawaita, in ba a magance shi da fenisilin ba, yana iya lalata ƙofofin zuciya a hankali. Ƙofar da ta lalace kuwa nan ƙwayoyin cuta ke samun mazauni, ko sun shiga jini ta ruɓaɓɓen haƙori, ko ta allurar da ba ta da tsabta. Sai su taru su yi curi. Ranar da wani ɓangaren curin ya ɓalle, jini zai kai shi ƙwaƙwalwa ya toshe jijiya. Wani lokaci ya raunana jijiyar har ta fashe, ko ya haifar da ƙurji, sanƙarau ko farfaɗiya. Cikin masu wannan curin a ƙofar zuciya, kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari ne yake taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kafso daga kemis. Yana kwantar da zazzaɓin kwana biyu, amma ya ɓoye ƙwayar cutar, mu ɗebi jini a gwada a rasa ta. Maganin gaskiya allura ce ta jijiya, mako 4 zuwa 6, kuma da zarar an fara, haɗarin sake ɓallewar curin yana raguwa sosai. Wasu sai an yi tiyata an canja ƙofar. Idan jini ya zuba a ƙwaƙwalwa akan jinkirta aikin kusan wata guda. Kada kowa ya ba irin wannan majinyaci asfirin ko maganin tsinka jini da ka, domin yana iya jawo zubar jini. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa asibiti. A haɗa su.

Iyaye, wanda aka taɓa ce masa yana da ciwon ƙofar zuciya kada ya tsallake allurar fenisilin ta wata-wata, ya kuma kula da haƙoransa. Zazzaɓinsa in ya wuce mako guda, a nufi babban asibiti irin na koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, a nemi gwajin jini da hoton zuciya kafin a sha komai.