Darasi: Shayin Tazargade da Mai Aikin da Ba Ya Barin Wurin Aikinsa

Manufar darasi

Mu gane yawan lokacin da shan shayin tazargade domin zazzaɓin cizon sauro yake bukata, mu kuma taimaki ma'aikata su zaɓi hanyar da za su iya bi har ƙarshe.

Wani labari

A cikin damina na ziyarci wani matashi mai tsaron shagon yadi a Kasuwar Kurmi. Zazzaɓi ya kama shi, sai wani maƙwabci ya koya masa shan tazargade. Yana buɗe shago ƙarfe 8 na safe, ba ya rufewa sai gab da Magariba, ba shi kuma da wanda zai bar wa kaya. Rana ta farko ya sha sau huɗu. Rana ta biyu sau uku, gama ya manta gorar a gida. Rana ta uku ya ji dama-dama, sai ya daina. Bayan mako biyu zazzaɓin ya dawo da ƙarfi, ya kwanta kwana biyar, ya rasa kuɗin aikin waɗannan kwanaki.

Irin wannan yana faruwa da marina a Ƙofar Mata, da majema, da masu Adaidaita Sahu, da masu gadi. Ba sakaci ba ne kaɗai. Aikinsu ne bai bar musu fili ba.

Abin da tsarin yake bukata

Masu koyar da wannan shayi sukan ce a zuba lita 1 ta tafasasshen ruwa a kan giram 5 na busasshen ganye, a tace, a raba kashi 4, a sha kowane awa 6, har kwana 7. Kowace rana kuma sai an haɗa sabo. Idan muka lissafa, sha 28 ke nan, kuma wani zai faɗo cikin dare. Mai tsaron shago yana bukatar wuta, da ma'auni, da gora mai tsabta, da agogo, kowace rana ta mako.

Abin da muka sani game da ganyen

Tazargade ba ƙarya ba ne. Daga irin wannan ganye wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka fitar da sinadarin atemisinin a 1972, aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Sinadarin nan shi ne tushen maganin ACT da ake bayarwa a asibiti. Sunan ganyen ya ƙara bazuwa a Kano a 2020, sa'ad da ƙasar Madagaska ta fitar da wani abin sha daga gare shi a lokacin korona.

Amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba ta goyon bayan shan ganyen a matsayin shayi domin maganin zazzaɓin cizon sauro. Dalili kuwa shi ne, yawan sinadarin ya bambanta daga ganye zuwa ganye, bisa ga ƙasar da aka shuka shi da yadda aka shanya shi. Abin da yake shiga cikin kofi sau da yawa bai isa ya kashe dukan ƙwayoyin cutar ba. Zafin jiki yakan sauka, amma sauran ƙwayoyin suna nan cikin jini. Waɗanda suka tsira kuma suna iya zama masu jure magani, kamar yadda aka fara gani a Kambodiya, daga baya a Ruwanda da Yuganda. Wato ko mutum ya cika sha 28, babu tabbas. Idan kuma ya tsaya a rabi, haɗarin ya ƙaru, gare shi da maƙwabtansa.

Hanyar da ta dace da mai aiki

1. A yi gwaji tukuna. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Gwajin ɗigon jini daga yatsa yana ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 20.

2. Idan an sami cutar, a karɓi ACT. Wanda aka fi bayarwa a Nijeriya sha 6 ne cikin kwana 3. Na biyu yana zuwa awa 8 bayan na farko, sauran kuma safe da yamma.

3. A ɗaura shan magani da abin da ba a mantawa. Wanda ya fara ƙarfe 6 na safe zai sha na biyu ƙarfe 2, wajen Azahar, lokacin da ake ɗan sararawa a kasuwa. Kwana biyun da suka rage, kafin fita da bayan dawowa.

4. A sha da abinci mai ɗan maiƙo, kamar kunun gyaɗa, ƙosai, madara ko fura da nono. Maiƙo yana taimakon jiki ya karɓi maganin.

5. A faɗa wa maigida. Yaro yana iya cewa, "Alhaji, ba ni da lafiya, ina neman izinin awa ɗaya in je gwaji." Awa ɗaya yau ta fi kwana biyar a kwance.

6. A shanye duka, ko da an ji sauƙi.

Idan akwai jijjiga, amai ba tsayawa, suma, ko fitsari ya yi baƙi, a tafi asibiti nan da nan. Mata masu ciki da ƙananan yara kada a ba su shayin, a kai su wurin ma'aikacin lafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa

- Waɗanne sana'o'i ne a unguwarmu suke hana mutum barin wurin aikinsa?
- Me yake sa mutane su daina magani da zarar sun ji sauƙi?
- Yaya za mu yi magana da mai sayar da tazargade ba tare da mun raina sana'arsa ba?
- Wane ne zai iya riƙe wa ɗan'uwansa shago na awa ɗaya domin ya je gwaji?