Matsalar Fassarar Kalmomin Addini: Darasi Daga Rayuwar Mabiya Mormon

Gabatarwa

Malamanmu na fassara sukan ce sanin harshe biyu bai isa ya mai da mutum tafinta ba. Ban gane wannan magana sosai ba sai ranar da na kusa ɓata tsakanin mutum biyu a teburin mai shayi. Ni Bayarabe ne, a makaranta na fara koyon Hausa, kuma wurin wani dattijo mai shayi da ke bakin ƙofar jami'armu nake zuwa in gwada bakina. Abokin ɗakina mutumin Aba ne, ba ya jin Hausa ko kaɗan. Duk ran da muka je, sai ya ci burodi da ƙwai, ya sa a haɗa masa Milo da madara, amma ko kyautar shayi aka yi masa ba ya sha.

Wata rana mai shayin ya ce mini, "Ɗana, tambayi abokin nan naka, ƙyamar shayina yake yi ne?" Na tambaye shi, ya yi mini bayani da Ingilishi. Ni kuwa na juya na ce, "Baba, ba ƙyama ba ce. Su waliyyai ne, kuma annabinsu da yake raye a Amurka ne ya haramta musu shayi." Nan take fuskar dattijon ta canza, ya yi a'uziyya, ya kau da kai. Aka yi mako biyu ba ya amsa gaisuwarmu sai sama-sama.

Nahawun jimlata daidai yake, amma akwai kuskure uku a cikinta. Manufar wannan takarda ita ce in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai inda kurakuran suke, ta hanyar duba wasu kalmomi da mabiya wannan ɗarika suke amfani da su a imaninsu da rayuwarsu ta yau da kullum.

Su Wane Ne Mabiya Mormon?

Wani Ba'amurke mai suna Joseph Smith ne ya kafa wannan coci ranar 6 ga Afrilu, 1830, a jihar New York. Mabiyansa sun yi imani cewa a 1820 Allah Uba da Yesu sun bayyana gare shi, kuma daga baya wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa wasu alluna na zinariya masu ɗauke da tarihin mutanen da suka zauna a nahiyar Amurka a zamanin da. Sun ce daga allunan nan ya fassara Littafin Mormon, wanda aka buga a 1830. Daga sunan littafin ne aka yi musu laƙabi. Suna karanta shi tare da Littafi Mai Tsarki da wasu littattafai biyu nasu.

An kashe Joseph Smith a kurkukun garin Carthage da ke jihar Illinois a 1844. Brigham Young ya gaje shi, ya jagoranci ƙaura zuwa kwarin Salt Lake a 1847, a yankin da ya zama jihar Utah, inda hedkwatarsu take har yau. A da sun yi auren mace fiye da ɗaya, amma shugabansu Wilford Woodruff ya ba da sanarwar daina shi a 1890. Yawansu a duniya ya haura miliyan 17.

A Nijeriya, tun kafin masu wa'azinsu su zo akwai mutanen kudu maso gabas da suke rubuta wasiƙu zuwa Utah suna neman littattafai. Babban cikas shi ne, sama da shekara ɗari cocin ba ya naɗa baƙar fata a matsayin firist. An ɗage wannan hani a Yunin 1978, a zamanin shugabansu Spencer W. Kimball. A Nuwamban wannan shekara aka yi wa wani malamin makaranta, Anthony Obinna, baftisma a jihar Imo, ya zama shugaban reshensu na farko a ƙasar nan.

1. Waliyyai Ko Tsarkaka?

Kuskurena na farko shi ne kalmar "waliyyai". A cikin cikakken sunan cocin akwai wata kalmar Ingilishi da ƙamus yakan fassara da "waliyyi", ni kuwa sai na ɗauko ta haka nan. Amma a kunnen Bahaushe, waliyyi bawan Allah ne na musamman, wanda ya kai wani matsayi, ake danganta masa karama. Ka ce saurayi mai cin burodi da ƙwai waliyyi ne, ai ka yi masa ƙarya ko ka mai da shi mai girman kai.

A wurinsu kalmar tana nufin duk wanda aka yi wa baftisma ya shiga cocin, babba da yaro. Hausar Kirista tana da kalmar da ta dace, wato "tsarkaka", wadda ake kiran jama'ar masu bi da ita. Saboda haka ina ganin za a iya cewa "Ikkilisiyar Yesu Kiristi ta Tsarkaka na Kwanakin Ƙarshe". Na guji "ƙarshen zamani" domin tana tuna wa mai sauraro Dujal da alamomin tashin duniya, alhali babban abin da sunan yake yi shi ne bambanta masu bi na wannan zamani da na zamanin manzannin farko. A lura kuma, a 2018 shugabansu na lokacin, Russell M. Nelson, ya roƙi a daina kiransu da laƙabin Mormon. Na yi amfani da shi a nan ne domin shi mutane suka fi sani.

2. Annabi Da Manzo

Kuskure na biyu ya fi nauyi. Gaskiya ne suna kiran shugaban cocinsu annabi, kuma suna da majalisar mutum goma sha biyu da suke kira manzanni. Sun yi imani cewa wahayi bai yanke ba. Idan shugaba ya rasu, manzon da ya fi daɗewa a majalisar ne yake gadonsa. Haka aka yi a 2025, da Nelson ya rasu yana da shekara 101, Dallin H. Oaks ya hau.

To, ga Musulmi, Annabi Muhammadu (SAW) shi ne cikamakin annabawa. Da na ce "annabinsu da yake raye", sai maganar ta fito kamar ni ne nake tabbatar da annabcin. Ba na ce a ɓoye kalmar ba, domin ɓoye ta cin amanar mai maganar ne. Abin da ya kamata shi ne a jingina ta ga masu ita: "shugaban cocinsu, wanda su suke ɗauka a matsayin annabi". Hausa tana da kayan aikin wannan jinginawa da yawa, kamar "a wurinsu", "a imaninsu", "in ji su". Sai dai a yi hattara da "wai", domin takan ɗauki ma'anar shakka ko ba'a.

3. Batun Shayi

Kuskure na uku na tarihi ne. Ba shugaban da yake raye ne ya kawo dokar ba. Tun 1833 Joseph Smith ya ba da wata ƙa'idar kula da lafiya wadda za a iya kira "Kalmar Hikima". A ƙarƙashinta ba sa shan giya da taba da kofi da shayin ganye, kuma ba sa ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Abin sha na koko, irin su Milo da Bournvita, ba ya cikin hanin.

A nan akwai abin lura ga mai nazarin ma'ana. A bakin yawancinmu, "shayi" ya haɗa duk wani ruwan zafi da aka zuba wa madara da sukari. Idan ka ce mutum ba ya shan shayi, sai a ɗauka ya ƙi teburin gaba ɗaya. Da na ce "ganyen shayi ne kawai addininsa ya hana shi", da Baba ya gane tun farko cewa ba hannunsa ake ƙi ba.

4. Azumi Da Zakka

Ranar Lahadin farko ta kowane wata abokina ba ya cin komai, ba ya shan ruwa, har ya tsallake abinci sau biyu a jere, wajen awa 24. Kuɗin abincin da bai ci ba sai ya miƙa wa cocin domin a taimaki mabukata. Kalmar "azumi" ta dace, amma in an bar ta ita kaɗai, Bahaushe zai kawo sahur da buɗa-baki a ransa. Dole a ƙara bayanin lokaci.

Haka kuma suna ba da kashi ɗaya cikin goma na abin da suka samu. Kiristocin Hausa da yawa sukan kira wannan "zakka". Amma zakkar kuɗi a Musulunci kashi ɗaya ce cikin arba'in, kuma sai dukiya ta kai nisabi ta shekara. Idan masu sauraro gauraye ne, "ushiri" ta fi aminci, tunda asalin ma'anarta ɗaya bisa goma ce.

5. Coci Da Haikali

Yawancinmu mukan ɗauka duk ginin ibadar Kirista coci ne. Su kuwa gini iri biyu gare su. Na farko shi ne majami'ar da ake taruwa ran Lahadi, wadda kowa yana iya shiga. Tun 2019 taron awa biyu ne. A can suke cin jibi da gurasa da ruwa, ba ruwan inabi ba. Mai kula da jama'ar unguwa, wanda suke kira bishop, ba a biyansa albashi. Yana iya zama malamin makaranta ko ɗan kasuwa.

Na biyu shi ne haikali. Bayan an keɓe shi, ba mai shiga sai ɗan cocin da yake da takardar izini daga shugabanninsa. A ciki ake ɗaura auren da suka yi imani mutuwa ba ta raba shi, kuma a ciki rayayye yake karɓar baftisma a madadin kakanninsa da suka mutu. Wannan ne ya sa suke da himmar binciken asalin iyali. Haikalinsu na farko a Nijeriya yana Aba, an keɓe shi a Agustan 2005. Wanda ya fassara duka biyun da "coci" ya shafe wani babban ɓangare na imaninsu.

6. Dattijo Ɗan Shekara 18

Wataƙila kun taɓa ganin samari biyu-biyu da farar riga da laƙabi a ƙirji suna yawon wa'azi. Samari sukan fara daga shekara 18 su yi shekara biyu, 'yan mata kuma wata 18. Laƙabin samarin shi ne Elder, wanda fassararsa ta kai tsaye ita ce "dattijo". A Hausa dattijo sai da furfura ko dattako na shekaru. A wurinsu kuwa sunan muƙami ne a tsarin firistoci. Gara a bar laƙabin yadda yake, a ce "mai wa'azi" in ana bayanin aikinsa.

7. Kalmar Allah

Musulmi da Kirista masu jin Hausa duk "Allah" suke cewa, amma wannan ba ya nufin fahimtarsu ɗaya ce. Mabiya wannan coci sun yi imani cewa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki uku ne daban-daban, manufarsu ce ɗaya, kuma Uba da Ɗa suna da jiki na nama da ƙashi. Wannan ya saɓa wa tauhidin Musulmi, ya kuma saɓa wa koyarwar Triniti ta yawancin coci-coci. A 2001 cocin Katolika ya yanke cewa bai amince da baftismarsu ba. Su kuwa suna kiran kansu Kiristoci ba tare da shakka ba. Aikin tafinta a nan shi ne ya faɗi abin da kowane ɓangare ya ce, ya bar hukunci ga masu shi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ga shawarwari uku. Na ɗaya, kafin ka fassara kalmar addini, tambayi mai ita yadda yake aikata ta, ba yadda ƙamus ya ce kawai ba. Na biyu, ka tuna cewa yawancin kalmomin addini na Hausa daga Larabci suka shigo ta hanyar Musulunci, kuma suna tafe da nauyinsu. Na uku, ka jingina kowane imani ga masu shi.

Bayan mako biyun nan na koma wurin mai shayi ni kaɗai. Na ce, "Baba, ku gafarce ni, ran nan bakina ne ya yi tuntuɓe, ba abokina ba. Shi Kirista ne na wata ɗarika. Addininsu ya hana su giya da taba da ganyen shayi, shi ke nan." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe yaron ba ya shan giya? To, ai da haka ka faɗa tun farko. Gobe ka zo da shi." Tun daga ranar, da ya hango mu sai ya ture gwangwanin ganyen shayi gefe ya jawo na Milo.

Ga 'yar jinga ga mai sha'awa: ka sami wani wanda addininsa ya bambanta da naka, ka roƙe shi kalmomi biyar na ibadarsa, ka fassara su zuwa Hausa. Sa'an nan ka karanta wa Bahaushe fassarar, ka tambaye shi abin da ya fahimta, ka koma wurin mai kalmomin ka ji ko abin da yake nufi ke nan.