MAGANAƊISU DA CIWON WASWASI

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa tuƙa keke mai dainamo da dare a Kaugama ya san fitilar ba ta kamawa sai taya na juyawa. Taya ce ke juya wani ɗan maganaɗisu a kusa da naɗin waya, motsin nan kuwa shi ke haifar da lantarki. Masanin kimiyya Michael Faraday na Ingila ne ya gano wannan ƙa'ida a shekarar 1831, a kanta kuma janareta da taransifoma suke aiki. A wannan darasi za mu ga yadda likitoci suka kai ƙa'idar nan cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam domin magance ciwon waswasi.

Mene ne ciwon waswasi?

Bari mu ɗauki misalin wani ɗalibi ɗan aji biyar. An kira sallar Azahar, ya ɗauki buta ya yi alwala. Yana miƙewa sai zuciyarsa ta ce bai wanke gwiwar hannu ba. Ya sake. Ta ce ai ɗigon fitsari ya taɓa wandonsa. Ya kuma sakewa. Kafin ya ƙarar da buta ta uku liman ya sallame, abokai na yi masa dariya. Da dare kuma sai ya tashi sau goma yana duba kwaɗon akwatinsa.

Ciwon yana da fuska biyu. Ta farko ita ce tunani mai naci da ke faɗo wa mutum ba da sonsa ba, ya cika shi da fargaba. Ta biyu ita ce aikin da yake maimaitawa don fargabar ta kwanta, kamar wanke-wanke, dube-dube ko ƙirge-ƙirge. Sauƙin da yake samu na ɗan lokaci ne, tunanin ya dawo da ƙarfi. Mai ciwon yakan san abin ya wuce kima, amma ya kasa bari. Kowa yakan yi kokwanto jefi-jefi. Likitoci suna kiransa ciwo ne idan yana cinye fiye da awa guda a kullum, ko yana hana karatu da sana'a. Kimanin mutum 2 cikin 100 ne ke gamuwa da shi a rayuwarsu, galibi kuma yana somawa ne a ƙuruciya ko farkon balaga.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar ɗan ƙaramin lantarki da sinadarai. Akwai wata da'irar jijiyoyi da ta taso daga sashen gaba, bayan goshi, ta nutsa can ciki, sannan ta komo. Daga cikin aikinta akwai faɗakar da mutum cewa an yi kuskure. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa a wurin masu waswasi da'irar tana aiki fiye da kima, tamkar ƙararrawar makaranta da aka ci gaba da kaɗawa alhali kowa ya shiga aji.

Yadda na'urar take aiki

A 1985, Anthony Barker da abokan aikinsa a Sheffield ta Ingila suka ɗora naɗin waya a kan mutum, daidai sashen da ke sarrafa motsi, suka saki lantarki a cikin wayar. Nan take hannun mutumin ya motsa, ba tare da ya ji zafi ba. Wannan dabara ce ake taƙaita sunanta da TMS.

Bayaninta shi ne: lantarki mai ƙarfi yakan ratsa wayar na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Wannan yakan haifar da ƙarfin maganaɗisu mai tashi da faɗuwa farat ɗaya, wanda ƙoƙon kai ba ya tare shi. Da ya isa ƙwaƙwalwa sai ya tayar da ɗan lantarki a jijiyoyi, kamar yadda maganaɗisun dainamo ke yi wa waya. In aka yi ta maimaita bugun kullum har makonni, yanayin aikin da'irar yakan sauya. Maras lafiya yana zaune a kujera idonsa biyu, ba tiyata, ba allurar barci.

Shin tana warkarwa?

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da TMS don ciwon baƙin ciki mai tsanani a 2008. A watan Agustan 2018 kuma ta amince da na'urar kamfanin BrainsWay don ciwon waswasi, bisa wani gwaji da aka yi da marasa lafiya 99 waɗanda magani bai wadatar da su ba. An raba su gida biyu: wasu aka sa musu na'urar gaske, wasu ta bogi mai ƙara iri ɗaya, ba wanda ya san rukuninsa. An yi zama 29 cikin mako shida, kafin kowane zama kuma akan tsokano wa mutum waswasinsa da gangan, don bugun ya tarar da da'irar tana cikin aiki. Kashi 38 cikin 100 na rukunin farko sun sami sauƙi bayyananne, a rukuni na biyu kuwa kashi 11.

Ɗalibi ya lura da abu biyu. Ba don rukunin bogi ba, da ba a bambance aikin na'ura da aikin sa rai ba. Sa'annan fiye da mutum 6 cikin 10 ba su kai ga wannan sauƙi ba. Bugu da ƙari, takan jawo ciwon kai, a wasu lokuta ƙalilan har da farfaɗiya, kuma ba a sa wa mai ƙarfe a cikin kai. Haka nan maganaɗisun da ke zaune wuri guda ba ya haifar da lantarki, saboda haka warwaron maganaɗisu na 'yan talla ba abin da zai yi wa waswasi.

Maganin da ke kusa da mu

Na'urar tana da tsada, kuma ana komawa gare ta ne bayan an gwada hanyoyi biyu na farko. Ɗaya ita ce ƙwayoyi irin su fluoxetine, waɗanda likita ne kaɗai ke rubutawa, kuma sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu. Ɗayar ita ce horon da Victor Meyer ya soma a Landan a 1966: a fuskantar da mutum da abin da yake tsoro sannu a hankali, a hana shi maimaita aikin, har fargabar ta kwanta da kanta. Wanda ya karanta Risala zai tuna cewa an umarci mai yawan kokwanto a salla ya yi watsi da kokwanton. Nan fikihu da likitanci suka haɗu.

Kammalawa

Malamin da ya ga ɗalibi irin na misalinmu, kada ya ɗauke shi malalaci ko mai iyayi. Ya keɓe shi ya saurare shi, ya sanar da iyayensa, a kai shi asibiti. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Kano. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Bayyana fuskoki biyu na ciwon waswasi.
2. Me ya sa warwaron maganaɗisu ba zai tayar da lantarki a ƙwaƙwalwa ba?
3. Mene ne amfanin rukunin bogi a gwajin magani?