Karatu Gada Ce: A Je, A Dawo

Kowane ɗalibi a yau yana zaune a duniya biyu. Akwai ta zahiri, inda muke noman gero da dawa a Barkiya, muke cin kasuwar Dutsin-Ma. Akwai kuma wadda ba a taɓa ta da hannu, wato ta littafi da ta wayar hannu. Karatu shi ne gadar da ta haɗa su, amfanin gada kuwa a haye a kuma dawo.

Mu ɗauki misali daga Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta domin gasar 1933 yana malamin Midil a Katsina. Tauraron labarin ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Ya sha yawo da wahala, amma bai zauna can ba, sai da ya komo da ruwan. Haka mai karatun kirki yake: yakan shiga wata duniya ya komo da abin da zai amfani mutanensa.

To, ba kowane ruwa ne magani ba. A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Nijeriya, wani saƙo ya bazu ta waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Mutane da yawa, har da masu ilmi, suka bi. Wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasa ransu. Sun karanta saƙon sarai, amma ba su auna shi ba.

Saboda haka, kafin mu kawo wani abu gida daga littafi ko intanet, mu yi wa kanmu tambayoyi uku:

1. Wa ya rubuta, kuma a ina ya samo?
2. Ya yi daidai da abin da malamin asibiti ko malamin gona a Kurfi zai faɗa?
3. Wa zai amfana in na faɗa masa, wa kuma zai cutu?

Iyayenmu a ƙauye sukan miƙo mana waya su ce, "Karanta mini." Duk abin da muka faɗa, shi za su ɗauka. Wannan amana ce babba, kada mu ci ta.

Aikin hutu: kowa ya karanta littafi ɗaya, ya ba ƙannensa labarin, ya rubuto darasi guda da ya samu.