Dodon Koɗi Da Ciwon Tsagiya

Dodon koɗi iri-iri ne. Akwai na teku, kamar wanda masunta ke kamawa a gaɓar Ingila, mai katantanwa wajen inci 4, wanda ke cin mushe da tsutsotsi, mutane kuma su dafa shi su ci. Wanda ya shafe mu kuwa ɗan ƙanƙane ne, da ƙyar ya fi ƙwayar wake, masana na kiransa Bulinus. Mazauninsa tafki da kududdufi da rafin da ba ya gudu sosai, tun daga ƙasar Sahuda ta wajen Mubi, kan iyakarmu da Kamaru, har fadamun Sakkwato.

Gane shi ba wuya. In aka riƙe katantanwarsa tsininta na sama, bakinta na duban mutum, sai a ga bakin yana hagu. Kowane ɗaya namiji ne kuma mace, saboda haka ko guda ɗaya aka bari ya isa ya cika kududdufi. Gansakuka da ruɓaɓɓen ganye ne abincinsa. Da rani, in ruwa ya ƙafe, sai ya nutse cikin laka ya yi likimo har damina ta faɗi.

To, cikin wannan ɗan taliki ne tsutsar tsagiya, watau fitsarin jini, ke renon 'ya'yanta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira cikin 1851, amma sai 1915 Robert Leiper ya tabbatar da hannun dodon koɗi a ciki. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shige jikin dodon koɗi. Bayan kamar mako 5 sai su riƙa fitowa dubbai, musamman da rana tsaka, daidai lokacin da yara ke wanka, su huda fata su shiga jini. Waɗansu iyaye kan ɗauki jinin nan alamar balaga ce. Wannan kuskure ne babba, gama ciwon kan lalata mafitsara da ƙoda.

Lalle a hana yara fitsari da wanka a kududdufi. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, akwai ƙwayar magani mai suna praziquantel. Ruwan wanka da aka ɗebo daga rafi kuma a tafasa shi, ko a ajiye shi kwana 2 cur, tsutsotsin za su mutu.