Me Ke Kashe Kifi a Cikin Ruwa? Darasi Daga Teku Domin Masu Son Kiwon Kifi

A wannan darasi za mu fara da tafiya mai nisa zuwa bakin tekun Amurka, sa'an nan mu komo gida mu tsaya a bakin tafkin bayan gari. Da yawa a cikinmu ba su taɓa ganin teku ba, wataƙila wani ya ce, ina ruwan biri da gada? Ku yi haƙuri ku bi mu. Abin da ke kashe kifi a babban teku, shi ne ke kashe shi a ƙaramin tafkin da iyali suka haƙa da guminsu. Wanda ya gane ɗaya zai iya kiyaye ɗayan.

Inda teku ya mutu

Akwai wani babban kogi a Amurka mai suna Misisifi. Yana tattara ruwan jihohi 31, yana ratsa manyan gonakin masara da waken suya, kafin ya zuba cikin Mashigin Tekun Meziko. Kowace shekara a lokacin zafi, wani makeken yanki na ƙarƙashin tekun, kusa da bakin kogin, yakan rasa iskar da halittun ruwa ke shaƙa. Kifin da ke da ƙarfin gudu yakan gudu. Amma ƙaguwa da tsutsotsi da sauran masu rarrafe a gindin teku ba su da inda za su, a nan suke mutuwa. Masu kamun jatan lande kuwa dole su ƙona mai su tafi nesa kafin su sami abin kawowa gida. Irin wannan wuri ne masana suke kira mataccen yankin teku.

Tun shekarar 1985 masana suke fita da jirgin ruwa suna auna faɗin wannan wuri. A 2017 ya kai kimanin murabba'in kilomita 22,700, wato ya fi dukan Jihar Kano faɗi. Ba kuma shi kaɗai ba ne. A 2008 waɗansu masana biyu, Robert Diaz da Rutger Rosenberg, sun ƙidaya irin waɗannan wurare fiye da 400 a duniya, sun kuma nuna cewa tun daga shekarun 1960 yawansu yana ninkawa kusan kowace shekara goma. Tekun Baltik da ke arewacin Turai yana cikin waɗanda suka fi shan wahala.

Yaya ruwa yake mutuwa?

Bari mu bi abin a hankali, gama nan ne zuciyar darasin.

Kifi yana numfashi kamar mu. Bambancin shi ne, iskar oksijin da yake shaƙa a narke take cikin ruwa, kamar yadda sukari ke narkewa a cikin kunu. Kaɗan ce ƙwarai. Idan ta gaza miligiram 2 a kowace lita ta ruwa, yawancin kifaye ba sa iya zama a wurin.

Sa'ad da manomi ya zuba takin zamani a gona, shuka ba ta shanye shi duka. Kimanin rabin sinadarin nitirojin da ake zubawa a gonakin duniya ne kawai ke shiga amfanin gona. Sauran, wani ya bi iska, wani ya nutse cikin ƙasa, wani kuma ruwan sama ya kwashe shi zuwa rafi, rafi ya kai kogi, kogi ya kai teku. Kashin dabbobi daga manyan gidajen gona da ƙazantar birane su ma hanyar da suke bi ke nan.

To, taki taki ne, ko a tudu ko a ruwa. Yadda yake sa masara ta yi kore, haka yake sa gansakuka da ƙananan tsire-tsiren ruwa waɗanda ido ba ya gani su yi ta haihuwa har su rufe fuskar ruwan. Ransu gajere ne. Bayan 'yan kwanaki sai su mutu, su nutse ƙasa, ƙwayoyin bakteriya su shiga ruɓar da su. Waɗannan ƙwayoyi su ma iska suke shaƙa, kuma saboda yawan abincin da suka samu sai su shanye iskar da ke ƙasan ruwan ƙaf. A teku akwai ƙarin matsala guda: ruwan kogi bai kai ruwan gishiri nauyi ba, saboda haka yakan kwanta a bisansa kamar mai a kan miya, ya hana iskar sama gangarawa. Haka wurin zai zauna har sai guguwa ta zo ko sanyi ya shigo ya gauraya ruwan.

Ku lura da kyau, ba guba ce ta kashe kifin ba. Abinci ne ya yi wa ruwan yawa.

Akwai labari mai ƙarfafa zuciya kuma. A arewa maso yammacin Bahar Aswad, inda Kogin Danub yake zubawa, mataccen yanki ya kai kimanin murabba'in kilomita 40,000 wajen 1990. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, takin zamani ya gagari manoman ƙasashen yankin saye, manyan gidajen kiwo da yawa suka rufe. Cikin kimanin shekara goma yankin ya ragu ƙwarai, halittu suka fara komowa. Ba wanda zai yi wa wata ƙasa fatan irin wannan talauci, amma abin ya nuna cewa ruwa yana farfaɗowa idan aka rage abin da ake zuba masa.

Kada wani ya fahimce mu a baibai, ya ce mun hana sa taki. Gonakinmu yunwar taki suke yi, ba ƙoshi ba. A taron taki na Afirka da aka yi a Abuja a 2006, an ce manomin Afirka kudu da Sahara yana sa kimanin kilo 8 kawai a kowace hekta, aka kuma ƙudura a kai 50. Abin da muke cewa shi ne, buhun yuriya da aka saya da tsada, a gona ya kamata ya zauna. A binne shi kusa da gindin shuka maimakon a watsa shi a sarari. A raba shi kashi biyu. Kada a sa shi sa'ad da hadari ya haɗu baƙi ƙirin. A bar ciyawa ta tsaya tsakanin gona da rafi domin ta tare ƙasar da ruwa ke kwashewa. Ruwan da ya bar gonakinmu ya faɗa Kogin Kaduna ko Gongola, ta Neja da Binuwai zai bi ya iske masunta a bakin Tekun Atilantika, amma tun kafin ya isa can, maƙwabtanmu na ƙauyen gaba ne za su fara sha.

Kiwon kifi a gida

Kifin daji ba ya ƙaruwa, masu ci kuwa kullum ƙaruwa suke yi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022, karo na farko a tarihi, halittun ruwa da aka yi kiwo sun fi waɗanda aka kamo a teku da koguna yawa, tan miliyan 94 da 'yan kai. A Nijeriya sana'ar ba baƙuwa ba ce. Tun 1951 aka kafa gonar kifi ta Panyam a Filato, kuma a New Bussa kusa da Kainji akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa.

Kifi biyu ne aka fi kiwo a wurarenmu, tarwaɗa da ƙarfasa. Tarwaɗa tana da juriya, tana iya leƙowa ta shaƙi iskar sama, tana kuma iya kai kilo guda cikin wata shida idan ta sami abincin kamfani mai kyau. Amma abincin nan shi ne ke cin fiye da rabin kuɗin da za a kashe, kuma manya suna cinye ƙanana idan ba a riƙa ware su bisa ga girmansu ba. Ƙarfasa kuwa tana cin ƙananan tsire-tsiren da ke cikin koren ruwa, da dusa, da ganye. A ganinmu, iyali ko ƙungiyar da ba ta da jari mai yawa, gara ta fara da ƙarfasa a tafkin ƙasa, ta koyi aikin tukuna.

Abu na farko shi ne wuri. Ana bukatar ruwan da ba ya yankewa aƙalla wata shida, da ƙasa mai yumɓu wadda ke riƙe ruwa, a inda ambaliya ba ta kaiwa. Ga gwaji mai sauƙi: ku haƙa rami zuwa ƙugu, ku cika shi da ruwa da safe, ku sāke cika shi da yamma, ku rufe bakinsa. Idan washegari yawancin ruwan yana nan, ƙasar ta yi. Idan ya tsotse, ku nemi wani wuri tun ba ku ɓata ƙarfinku ba. Ya kasance kusa da gida, gama tafkin da ke nesa na ɓarawo ne da zalɓe.

Tafki mai mita 10 a tsawo da 10 a faɗi ya isa mafari. Gefe ɗaya ya yi zurfin kamar rabin mita, ɗayan kuma mita guda ko fiye kaɗan, domin a iya tsiyaye ruwan lokacin girbi. A daddaɓe gaɓar sosai, a shuka mata ciyawa. A sa raga a bakin bututun da ruwa ke shigowa domin kada kifin daji ya shiga, a kuma sa wani bututun da zai fitar da rarar ruwa idan an yi ruwan sama mai yawa. A kewaye shi da shinge mai ƙofa. Wannan ba don dabbobi kaɗai ba ne, ruwa mai zurfin mita guda ya isa ya cinye ƙaramin yaro. A riƙa nome ciyawar cikin ruwan, domin a nan sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya suke ɓuya.

Kafin a kawo kifi, a yi ɗan shinge da sanduna a kusurwa ɗaya ta cikin tafkin, a zuba takin kaji ko na shanu a ciki. Bayan mako guda ko biyu ruwan zai zama kore. Wannan koren shi ne abincin ƙarfasa. Sai a kawo 'ya'yan kifi masu tsawon ɗan yatsa daga wurin amintaccen mai ƙyanƙyasa, biyu a kowane murabba'in mita, wato 200 a tafkin da muka ambata. A kawo su da sassafe. Kada a juye su nan take, a bar jakar ko bokitin cikin tafkin kamar minti 20 har ɗumin ruwan ya daidaita, sa'an nan a karkata su fita da kansu.

A ba su dusar shinkafa ko ta masara, da garin ƙuli-ƙuli, da gara, da yankakken ganye mai laushi, safe da yamma, a wuri guda. A ba su abin da za su cinye cikin kamar minti 15. Ƙarfasa tana da aibi ɗaya, yawan haihuwa. Idan aka bar ta, tafkin zai cika da ƙananan kifi da ba za su girma ba. Saboda haka waɗansu suke sayen maza zalla, waɗansu kuma su saka 'yan tarwaɗa kaɗan bayan wata biyu ko uku domin su rage 'ya'yan. Wajen wata shida a tsiyaye tafkin a kwashe duka.

Sa'ad da tafki ya zama ƙaramin mataccen teku

Yanzu mun iso inda darasin biyu suka haɗu. Mai kiwon ƙarfasa da gangan yake zuba taki a ruwa domin ya yi kore. Wato yana yin abin da Misisifi ke yi wa teku, amma da awo. Ran da awon ya kuɓuce masa, ran nan zai ga abin da masuntan Amurka suke gani.

Da rana koren ruwa yana samar da iska. Da dare kuwa ba ya samarwa, sai dai shi ma ya shaƙa, tare da kifin da ƙwayoyin da ke ruɓar da ragowar abinci a ƙasa. Domin haka iskar tafki ta fi ƙaranci da asuba. Ruwa mai ɗumi kuma bai kai mai sanyi riƙe iska ba, shi ya sa watannin Maris da Afrilu suke da haɗari, haka ma in an jera kwanaki rana ba ta fito ba. Yawancin masu cewa kifinsu ya mutu dare ɗaya, suna zargin maƙiyi ya zuba musu magani, da sun duba da kyau da sun ga yawan taki ne ko yawan abinci. Zargin nan ya sha raba maƙwabta a banza.

Ma'aunin yana jikinku. Ku tsoma hannu cikin ruwan zuwa gwiwar hannu. Idan kuna ganin tafin hannunku sarai, ruwan yana bukatar ƙarin taki. Idan da ƙyar kuke hango shi, daidai ke nan. Idan kuwa ya ɓace tun ruwan bai wuce wuyan hannu sosai ba, koren ya yi yawa, ku dakatar da taki. Kowace safiya kafin rana ta fito wani ya je ya duba. In ya tarar da ƙarfasa sun taru a sama suna buɗe baki suna haki, kuma ba su nutse ba ko da rana ta haska, ko ruwan ya fara wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kada a ba da abinci ranar. A cire takin da ke kusurwa, a fitar da wani sashi na ruwan, a shigar da sabo, a riƙa kaɗa fuskar ruwan da sanda ko ƙwarya domin iska ta shiga.

Ruwan da aka fitar ɗin, da na ranar girbi, kada a sake shi cikin rafi. Cike yake da taki. A ja shi zuwa lambu, alayyafo da tumatir da kuɓewa za su yi murna da shi. Lakar da ta taru a gindin tafkin kuma a kwashe ta a kai gona, a bar tafkin ya sha rana har ƙasarsa ta tsattsage, a barbaɗa toka, kafin a sāke cika shi.

Domin tattaunawa a ƙungiya

Sa'ad da kuka taru, a zumuntar mata ko ta matasa ko ƙungiyar manoma, ku tambayi dattawan da ke cikinku waɗanne irin kifi ake kamawa a rafinku sa'ad da suke yara, waɗanne ne kuma ba a gani yanzu. Sa'an nan ku zaɓi mutum uku su bi gaɓar rafin daga inda ya shigo ƙasarku zuwa inda ya fita, su lura da duk abin da ke gangarawa cikinsa: juji, masai, wurin wanki, garke, gonar da aka nome har bakin ruwa. In akwai fadamar da kuke tunanin za ta yi tafki, ku yi gwajin ramin nan a wuri biyu ko uku, ku kawo sakamakon a taro na gaba, ku kuma gayyaci malamin gona na yankinku ya zo ya ga wurin kafin a ɗaga diga.